Kabewar da ta tsallake danga

Ina cikin takaba a Garwa, zamanin shugaban ƙasa na farko, shanun mahauta suka tattake yaɗon kabewar da maigidana ya shuka kafin ya rasu. Ƙatuwar kabewar ta riga ta tsallaka gidan maƙwabciyata Marta, can ɓarnar ta auku, ni kuwa ba halin fita.

"Marta, ganyen ya yi yaushi!"

"Bar kuka, Maman Sali. Miƙo min ruwa ta saman danga."

Ta binne gaɓoɓin yaɗon, ko za su yi sabuwar saiwa. Kwana shida ina leƙe. Ran na bakwai ganye ya miƙe.

Jiya aka binne Marta. Irin kabewar yana wurina har yau. Ku, wa ya taɓa tsaya muku haka?