Sunan da Sundus Ta Sa a Bayan Riga

Sundus a idona ta girma, domin katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a unguwar Al-Sih. Ubanta Abdulƙadir jikan alhazan Katsina ne da suka zo Madina suka zauna, ya rasu tana 'yar shekara shida. Ya bar ta da uwarta Raliya da yayanta Sabiru, wanda tun yana yaro in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haifi uban.

Raliya ruwan sanyi take sayarwa a rumfunan Uhudu, inda maziyarta ke sauka. Sundus ce ke taya ta jan ƙanƙara a buhu, hannunta ya yi jajir. Sabiru kuwa ko hanyar rumfar ba ya bi. In abokansa suka tambaye shi sana'ar uwarsa sai ya kama tari. Da kuɗin ƙanƙarar nan aka saya masa farar jallabiyar da yake taƙama da ita, amma wannan bai taɓa sa shi tari ba.

A Jidda, wurin ƙanwar uwarta, Sundus ta fara ganin filin ƙanƙara a cikin wani babban kanti. Ta sa takalmin nan mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, ta faɗi, ta tashi, ta ƙi fita. Duk hutu can take. Daga baya ta shiga hoki, wasan da ake bin ɗan faifan roba da sanda, aka sa ta tsaron gida saboda ba ta tsoron duka. Tana da shekara ashirin wata 'yar ƙungiyar mata a ƙasar Suwidin ta kira ta.

A wasan nan sunan gida ake rubuta wa mutum a bayan riga, ita kuma burinta ta sa na ubanta. Ta je wurin Sabiru da ladabi, ina zaune.

"Yaya, so nake in sa sunan Baba."

"Aibi ne!" in ji shi. "Ki je ki yi ta zamiyarki gaban kafirai, amma wallahi ban yarda ki ja sunan ubana a ƙasa ba. Halas, magana ta ƙare!"

Ubansa, kun ji, kamar ita a kasuwa aka tsinto ta. A lokacin yana neman auren 'yar wani mai otal, yana tsoron kada surukai su ji. Auren ma bai yiwu ba, don sun gano ba shi da komai sai turare.

Haka ta tafi da Sundus kawai a bayanta. Ta yi shekaru tana tare faifai da ƙirji da gwiwa, ta bar haƙori ɗaya a can, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Amma ta yi suna daidai gwargwado, har wata tashar talabijin ta yi hira da ita. Nan fa Sabiru ya tuna yana da ƙanwa. Ya ari alkyabba, ya riƙa bin majalisu yana cewa shi ya fara ɗora ta a kan ƙanƙara. Mutumin da ko ƙanƙarar cikin kofi sai an sa masa!

Da gwiwarta ta gaza ta ce wasa ɗaya ya rage mata, sai ya buga mata waya. Wai ya yi tunani, ya ba ta izini ta sa sunan Baba. Ta ce, "Na gode, Yaya. Ai na riga na ba su suna."

Bai tambayi wanne ba, shi da bai taɓa sauraron ƙarshen maganar mace ba. Ranar wasan ya tara maza a falo bayan la'asar don kallo, ya yi odar shinkafa da rago. Mu mata muna ciki da waya a hannu.

A nan garin namiji ba ya faɗin sunan uwarsa a gaban maza, abin kunya ne a wurinsu. Raliya kanta tun da ta haifi Sabiru ta zama Ummu Sabiru, har mijinta haka yake kiranta.

Sundus ta fito kan ƙanƙara ta juya baya, sai ga RALIYA da manyan baƙaƙe. Mai sanarwa ya ja sunan da ƙarfi, jama'a suka amsa. Daga falo muka ji wani dattijo yana tambaya, "Wace ce Raliya?" Sai tarin Sabiru, irin na da. Ni dai daɗi ya kashe ni, ban ɓoye ba.

Na juya in yi wa Raliya barka, na ga ta riƙe wayar da hannu biyu, hannayen da ƙanƙara ta busar.

"Najiba," ta ce da ni, "mayar min da shi baya in sake ji. Rabon da a kira ni da sunan nan tun uwata na da rai."