Kunnen Hamani

Ban taɓa ganin baiwar da mai ita ya wulaƙanta kamar kunnen Hamani ba. Makanisen moto ne, wato babur, a Gaya, rumfarsa tana ƙarshen gari inda hanyar Kamba take fita. Ɗan masunta ne, amma kogi bai karɓe shi ba. Ya yi shekara takwas a Kwatano yana koyon aiki, ya dawo da akwatin kile, wato sifana, da takalmi mai tsini, yana son a kira shi Metir, wato ubangidan sana'a.

Na san shi a 1985, da na dawo daga karatu a Aljeriya aka ba ni moton aiki don zagaya gonakin shinkafa. Sojoji ke mulki, iyakar Najeriya kuma a rufe. Moton ya fara wani tak-tak kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da tsinke, na kai masa. Ya ɗora bakin turnabis, ƙarfen kwance sukuru, a kan injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido.

"Ba sarƙa ba ce, ba fistan ba," in ji shi. "Supap ɗin hayaƙi ce ta buɗe baki. Zauna, sai ya huce."

Supap ƙofa ce ƴar ƙarama a kan injin. Biyu ne, ɗaya ta shigar da mai, ɗaya ta fitar da hayaƙi, kowace da ƙarfen da ke danna ta. Tsakaninsu akwai tazara kamar kaurin takarda, in ta yi faɗi ƙarfen ya riƙa bugu. Da injin ya yi sanyi ya buɗe murfi, ya juya har alama ta zo daidai, ya zura kal, wato siririn ƙarfen awo, ya murɗa, ya ɗaure noti. Moton ya tashi yana numfashi kamar jariri mai barci. Aiki ne mai kyau, ba zan hana shi wannan ba. To amma nawa na gwamnati ne.

Yawancin masu zuwa wurinsa ƴan jigilar isansi ne, wato fetur, daga Kamba ta Najeriya. Da damina, in gero ya fi mutum tsawo, suna bin wata ƴar hanya da ta ratsa bayan rumfarsa, bido huɗu, wato jarkoki, a baya, fuska a naɗe da rawani, lamba a cire. Babu mai ganinsu. Duk da haka, da la'asar sarjan ɗin shingen hanya yakan sauka a ƙofar gidan mutum ya kira sunansa.

Motocinsu ba sa fita daga rumfar Hamani shiru. In sun yi ƙorafi sai ya ce, "Moton kaya dole ya yi magana. In na matse shi, supap ta ƙone maka a daji, ka zo kana zagin uwata." Akwai gaskiya a ciki, don supap ɗin da aka matse ƙwarai tana ƙonewa. Ƙaryar da ta jingina da gaskiya ita ce ba ta faɗuwa da wuri.

Alassan, ɗaya daga cikinsu, an kama shi sau biyu a wata guda. Sarjan ya rantse masa cewa na uku moto ya tafi ke nan, shi kuma sai gidan yarin Doso. Moton nan shi ne gonarsa, da shi yake ciyar da mutum bakwai. Ya sauya lokacin fita, ya sauya rawani, ya daina gaisawa da maƙwabcinsa saboda zargi. Wata rana ya shigo gida da hantsi ya tarar matarsa Safi ta riga ta ajiye ruwan wanka.

"Wa ya ce miki ina tafe?"

"Malam, ai motonka ke aiko da sallama. Tun kana wajen mahauta nake jin keken ɗinkin nan naka."

"Duk motoci haka suke yi."

"Ina! Na Gambo kamar kaza na tsattsagar tire yake. Naka ya fi kaifi. Ko awakina sun san shi."

Alassan ya daɗe a tsaye da guga a hannu. In mai daka ta iya bambance su, ina ga mai turnabis?

Washegari ya ƙetare gada zuwa Malanbil, wurin wani tsohon makanise da bai san kowa a Gaya ba. Tsohon ya saurara, ya bar injin ya huce, ya auna. Supap ɗin shan mai tana daidai, ko gashi ba ta kauce ba. Ta hayaƙi kuwa tazararta ta ninka uku.

"Cinyewa ta yi, Baba?"

"Cinyewa? Duba notin nan, ƙam yake, ƙarfen kuma lafiya lau. Wanda ya iya daidaita waccan ba zai yi kuskuren wannan ba. Ɗana, ƙararrawa aka rataya maka kamar jagoran tumaki."

Tsohon ya daidaita masa ita. A cikin mako biyu mutum tara suka ƙetare gadar nan. Kowane moto da irin tasa tazara, wani a ta mai, wani a ta hayaƙi, wani duka biyun. Hamani ya raba musu muryoyi kamar mai raɗin suna, ya zauna a inuwa yana ƙirga masu wucewa yana kai wa sarjan sunayensu. Na yi ta tambaya me ya samu. Ba wani abin kirki ba. Ɗan isansi daga wanda aka ƙwace, da izinin zama a bencin shinge ya sha shayi da sarjan, mai kaki ya ce masa Metir a gaban jama'a.

Ranar kasuwa Alassan ya bi ta cikin geron da bido huɗu, rana tsaka. Da la'asar babu wanda ya zo ƙofarsa. Kwana uku yana yi, a na huɗu ya tsaya gaban rumfar da moto babu kaya, ya bar injin yana aiki.

"Metir, ina gajiya?"

Hamani ya karkata kai yana saurare, bai ji komi ba sai numfashin injin. "Wane jaki ya taɓa maka wannan? Ya matse shi. Kawo in sassauta, kafin ka yi asara."

"Bar shi, Metir. Kurma ne yanzu, kuma bebe. Sarjan ma in ya tambaya, ka ce iska ce ta wuce."

Masu shayi a rumfar kusa suka kwashe da dariya. Babu wanda ya doke shi, babu wanda ya kai ƙara, don babu inda za a kai. Mutane dai suka ɗauke ƙafa, kafin girbi kuma sarjan ya daina matsa masa wuri a benci. Hamani ya koma facin taya a tasha, har ƙarfinsa ya ƙare. Alassan ya hau moton nan shekara goma sha ɗaya, da kansa yake auna supap ɗinsa da safe kafin rana ta taɓa injin.