Inuwar da ta kusa raba ni da Hajiya

Ina cin abinci a unguwar Kampung Baru, can ƙasar waje, na ji rim! Reshen bishiya ya faɗo kan motarmu, matata Hajiya tana barci a ciki.

Shekara guda muna zaga ƙasashe a motar nan mai ɗaki da kicin, wadda na saya da gumina. Inda na ga inuwa nan nake fakawa, kamar a Kano.

Tun da farko dattijo mai abincin sai da ya ce, "Alhaji, matsar da motarka mana, hadari ya taso."

Na ce, "Baba, na ƙetare hamada, bishiya ce za ta tsorata ni?"

Da jin ƙarar na ruga cikin ruwan sama ina kiran sunanta, shiru. Reshen ya huda rufi, ya tsaya dab da kanta. Na tarar tana raye.

Har yau in na ga inuwa gabana faɗuwa yake. Ku fa, gargaɗin wa kuka taɓa rainawa?