Kwanar Labbo, Akwai Sauka

Aikin namu ba mai wuya ba ne. Mu biyar ne, malaman makaranta da zaman hutu ya gundura, muka kafa rumfa a bakin titi muka sa mata suna Garinmu a Bakinmu. Kayanmu benci biyu ne, da randar ruwa, da rikoda, da taswirar gari da muka zana a farin ƙyalle. Mai wucewa ya zauna ya ba mu abin da ya tuna game da wata unguwa ko wani lungu, mu ɗauki muryarsa, mu rubuta a 'yar takarda mu maƙala a taswira. Mun yi mako guda a Tsafe, mun yi a Bungudu, sannan muka dawo Gusau muka sauke kaya a Kwanar Labbo. Ni Wasila ni ce mai riƙe rikoda, wai don na fi kowa haƙurin sauraro. Ƙarya ake yi mini, amma na karɓa.

Al'adarmu ita ce, duk inda muka gama, abokin aikinmu Mannir ya ɗauki fenti ya rubuta asalin sunan wurin a jikin bango. Don haka tun ranar Litinin muka fara tambayar mutane wane ne Labbon da aka sa wa kwanar sunansa. Wani direba ɗan Tsafe ya ce ɗan kokawa ne da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Wata Hajiya ta ce attajiri ne, shi ya fara gina bene a wajen. Wani mai keke napep ya ce aljani ne da ke cikin tsamiyar da aka sare. Mannir dai ɗan kokawar ne ya kwanta masa a rai, har ya fara zana damtse a takarda.

Ranar Talata da hantsi wani tsoho gajere ya zo yana dogara sanda, ya zauna, ya sha ruwa, ya saurari mutum biyu. Sannan ya gyara murya.

“Ni na Labbo,” in ji shi.

“Baba, in kai ne Labbo, to ni ne Tudun Wada,” in ji mai keke napep ɗin. Rumfa ta ɗauki dariya, kuma ba zan ɓoye ba, har da ni.

Tsohon bai yi fushi ba. Ya miƙo mini hannuwansa, baƙaƙe, duk sun tsattsage, babban yatsan dama ya baje kamar ludayi. Ya ce a Karakkai aka haife shi, ya shigo Gusau yana ɗan shekara ashirin a bayan motar auduga, ya koyi facin keke, daga nan ya hau na babur da na mota. Shekara talatin da shida ya yi a gindin waccan tsamiya da famfonsa da kwanon ruwa. Ya ce shi ba ya ma buƙatar tsoma tayar cikin ruwa, kunne yake kangawa ya ji inda iska ke fita. Da facin ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya shida. Da aka zo faɗaɗa titi aka sare tsamiyar, idonsa kuma ya fara hazo, sai ya koma zaman ƙofar gida a Tudun Wada. Bai taɓa kafa allo da sunansa ba, don a ganinsa wanda aka sani ba ya buƙatar allo.

“Ƙwarewata ta sa anka sa ma wurin sunana,” ya ce. “Hwacina ba ya tashi.”

Mannir ya ce labari ya yi daɗi, amma bango ba ya ɗaukar magana sai da shaida, kuma ran Juma'a zai yi rubutu. Labbo ya fara lissafo mutanensa. Dogo direba ya rasu, Sani mai shayi ya rasu, sauran sun watse. Ya murza sandarsa.

“Sai tsohuwa,” ya ce. “Ita kuwa ba ta iyawa.”

Nan na gane inda gizo ke saƙa. Matar zamaninsu ba ta kama sunan mijinta. Shaida guda ta rage masa a duniya, kuma ita ce mutum ɗaya a Gusau da ba za ta iya furta sunan kwanar ba. Tausayinsa ya kama ni, dariyar da na yi kuma ta dawo tana cina.

Ranar Laraba na tafi gidan Labbo. Na tarar da matarsa, Inna Delu, tana wankin kalwa a tsakar gida, doguwar mace mai kaifin ido da kaifin baki. Na tambaye ta yadda take yi in za ta sauka a kwanar. Ta ce ai da sauƙi, sai ta ce wa mai keke gaban masallaci, ko wurin mai lemu, in ya yi mata gardama ta buga masa ƙarfe ya tsaya. Sai na roƙe ta ta zo rumfa ta ba da shaida.

“Shekara arba'in da ɗaya ban kama sunan ga ba,” ta ce. “Sai yau, don ƙyalle da hwenti?”

Na ce mata in ba ta zo ba, ɗan kokawa za a rubuta, kuma jikokinta shi za su riƙa karantawa. Ta ci gaba da wankinta kamar da randa nake magana. Na fito ina jin haushinta, da na Mannir, da na wanda ya ƙirƙiro kunya gaba ɗaya.

Ranar Alhamis Labbo ya riga mu zuwa rumfa, ya zauna a ƙarshen benci shi kaɗai. Wajen ƙarfe goma sai ga Inna Delu cikin mayafin zuwa biki. Ba ta dubi inda yake ba. Ta zauna gabana ta nuna rikoda da haɓa.

“Kunna abin naki. Ina budurwa nika kawo daddawa daga Nahuce. Kasuwa tana can gaba, tahiya mai nisa. Amma akwai wani gajere mai hwaci gindin tsamiya, kullum kunnenshi ga taya, bai ko ɗaga kai ya ga mutane. Ni kuwa na ce sai ya ɗaga. Sai in sauka nan, in ɗauki kwando in wuce ta gabanshi, in taka har kasuwa da ƙahwa. Wata bakwai ina haka.”

Labbo ya juyo ya dube ta, ita kuwa ta ci gaba.

“Lokacin wurin ba shi da suna. Ni nika buga mota in ce akwai sauka. Dogo direba ya gane, sai ya riƙa tsokanata, wai yarinya ina za ki sauka, hwaɗi mu ji. Rannan na gaji na hwaɗa mishi, mota duk ta ji. Daga nan direbobi sunka ɗauka.”

“Inna, me kika ce masa?” na tambaye ta.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Na ce, kwanar Labbo.” Ta sauke numfashi. “Ga shi nan zaune. Bai taɓa kokawa da kowa ba, sai taya.”

Aka fashe da dariya, mai keke napep ya je ya durƙusa gaban tsohon yana neman gafara, Mannir kuma ya ninke takardar damtsensa ya sa aljihu.

“Ni da nika cewa hwaci na,” in ji Labbo a hankali.

“Hwacinka sau biyu yana tashi ga keken yayana,” ta ce. “Ban dai hwaɗa maka ba.”

Ta miƙe ta kaɗe zane, ta ce ta bar kalwa a wuta, ta tare keke ta tafi. Mutane suka watse kaɗan kaɗan. Labbo ya matso kusa da ni, ya kanga kunnensa jikin rikodar kamar yadda yake yi wa taya.

“Ɗiyata, maido min wurin nan.”

“Wane wuri, Baba? Daga farko?”

“A'a. Inda ta hwaɗi sunan.”

Na mayar. Ya saurara idonsa a rufe. Da ya ƙare ya ce in ƙara, na ƙara.