Kwalbar Shaida

A ɗakin gwajin ruwa babu mai kiranta da wani suna sai Uwar Kwalabe. Da wankin kwalabe ta fara aiki a wurin, tana goye da 'yarta ta fari, har aka lura ko a kan murfi ba ta iya ha'inci ba, aka mai da ita mai ɗebo ruwa. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana bin rijiyoyi da famfuna da magudanan masana'antu, da safar hannu da akwatin ƙanƙara. Tsantseninta har ya yi yawa. Direban da ya kuskura ya kunna sigari kusa da akwatinta, ranar sai ya gwammace bai fito aiki ba. Mijinta ma yakan ce shi kaɗai ne a gidan ba a manna wa takarda an rubuta kwanan wata ba.

Cikin kwalaben da take fita da su akwai ɗaya da ba a ɗibar ruwan rijiya da ita. Tun daga ofis ake cika ta da tataccen ruwa. In an isa bakin rijiya sai ta juye shi cikin wata kwalbar, daidai yadda take yi wa ruwan rijiyar, ta rufe. Kwalbar shaida suke ce mata. Idan aka gwada aka sami datti a ciki, to daga hannun mai ɗiba ya fito ko daga kayansa, ba daga rijiya ba. Sai a zubar da aikin ranar gaba ɗaya, shi kuma ya sha faɗa, wani lokaci har da sallama. Shaidar Uwar Kwalabe ba ta taɓa ba ta kunya ba, kuma ba ta gajiya da faɗa, har sababbin ma'aikata sun haddace.

Wata Litinin aka tura ta unguwar da ke bayan filin da ake fasa tsofaffin batura ana narkawa. Rijiya shida ta ɗiba. Ta huɗun a tsakar gidan da 'yarta ke haya take. Ko zama ba ta yi ba, ta gama aikinta jikarta mai shekara uku na riƙe da gefen rigarta.

Ranar Laraba da hantsi mai gwaji, wani siririn mutum mai tabarau da ba ya iya ɓoye magana a fuska, ya kira ta gaban na'ura. Ya ce ya ga dalma a duka shidan, ba kaɗan ba, kuma ta huɗun ta fi muni. Amma kada ta ta da hankalinta tukuna, bai gwada shaida ba. Sai ya sake daidaita na'urar, awa biyu ke nan.

Ta san dalma, ta san abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro, ta san tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Shekara huɗu 'yarta ta yi a gidan nan. Jikar tata kuwa har yanzu maganarta ba ta wuce kalma goma ba, kowa na cewa nauyin baki ne irin na dangin uba. Ta kira 'yarta ta ce kada kowa ya ƙara shan ruwan rijiyar, ta kashe waya kafin a tambaye ta dalili.

Ta zauna a bencin baranda, ta shiga laluben laifin kanta. Ko ta dafa wata ƙofar ƙarfe sannan ta taɓa murfi? Ko kwalaben ba su kwana a ruwan wanki ba? Ta je ta buɗe littafin ɗakin wanki, ga sa hannunta nan raɗau, komai daidai. Haushi ya kama ta. Matar da ta yi shekara da shekaru tana tsoron kuskure, yau ga ta tana roƙon Allah ya sa ta yi shi. A kore ta, a yi mata dariya har bakin ƙofa, ta yarda, in dai dalmar daga hannunta ta fito ba daga rijiyar ba.

Ta leƙa ɗakin na'ura. "Malam, ina jin fa ban sake safar hannu ba ranar nan."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Mama, ke?"

Ba ta iya maimaitawa ba, ta koma benci.

Bayan azahar ya fito da takarda a hannu, ya tsaya a gabanta kansa a sunkuye.

"Mama, shaidarki fes take. Babu ko alama."

"Ka sake gwadawa."

"Sau biyu na yi. Babu laifi a aikinki, shugaba ya ce a rubuta rahoto yau."

Ta daɗe tana kallon hannuwanta da ta aje a cinya. Ba ta taɓa jin yabon da ya tsorata ta irin wannan ba. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Malam, a ina ake auna jinin yara?"