Kofur Andrawus da Filin Kiɗan Jaz

A Saminaka ta Birnin Gwari kowa Kofur Andrawus yake kiransa, ko da yake ya daɗe da tuɓe kaki. Ɗan Gbagyi ne, gajere mai faɗin ƙirji. Yana saurayi aka kwashe shi zuwa yaƙin Bama, amma bai taɓa harbin kowa ba, busa ƙaho aka ba shi a badujalar soja. A Indiya, inda aka ajiye su kafin a dawo da su gida, ya haɗu da baƙaƙen sojojin Amurka, su suka jiyar da shi kiɗan da suke kira jaz. Ya koyi busa shi har suna tafa masa. Sai motarsu ta kife, haƙoransa na gaba suka zube, busa ta ƙare daga ranar.

Ya dawo gida da garmaho da akwatin faya-fayai. Ya auri Naomi, ya kama noman dawa da doya a bakin daji. In ya murza garmahon nan da yamma, mutanen gari sai su yi ta dariya, wai Kofur ya kunna faɗan kwaɗi. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Yusha'u, wani saurayi Bazazzagi da aka turo koyarwa makarantar garin. Ranar farko ya jingine kekensa ya tsaya daga nesa. Bayan nan kullum yana kan tabarmar Kofur ƙarƙashin ɗorawa, yana tambaya, Kofur yana amsawa. Ya koya masa yadda zai ware muryar ƙaho daga ta ganga, da inda mai busa yake kuka da inda yake tsokana. Naomi kuwa ba ta taɓa sauke tukunya ba tare da ta ware wa Malam nasa kwanon ba.

Bayan samun mulkin kai, wani gidan rediyo a Kaduna yana da filin kiɗan jaz kowace Asabar da la'asar, wani Baturen Ingila ke gabatarwa. Ranar Asabar Kofur kan baro gona da wuri, ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, sannan ya zauna gaban akwatin rediyonsa. Wata Asabar aka sanar cewa Baturen zai koma ƙasarsu, ana neman ɗan ƙasa da zai riƙe filin da Hausa.

Malam Yusha'u ya miƙe zumbur. "Baba Kofur, wallahi kai ake nema! Duk Arewa wa ya kai ka sanin kiɗan nan?"

"Ni manomi ne, Malam."

"Ni zan raka ka. In Turanci ya taso ka bar ni da su."

Naomi ta fito da tsohon kakinsa ta goge da dutsen guga na gawayi. Damina ce, hanyar Kaduna ta cikin daji ta zama taɓo. Motar ta kafe fiye da sau ɗaya, fasinjoji suka yi ta turi, Kofur yana turawa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da akwatin faya-fayai a ka.

A gidan rediyon aka shigar da shi wani ɗaki mai tagar gilashi, aka zaunar da shi gaban abin magana. Da farko ya yi ta inda-inda. Amma da aka ɗora faifansa kiɗa ya tashi, sai ya manta inda yake, ya shiga bayani kamar yana ƙarƙashin ɗorawarsa. Can ya ɗaga kai, ya hangi samari biyu a bayan gilashi sun toshe baki, kafaɗunsu na girgiza.

Mai kula da shirye-shirye, wani Alhaji Nababa, ya kira su ofishinsa, ya sa aka kawo musu shayi.

"Kofur, ka san abin nan, babu shakka," in ji shi. "Sai dai Hausarka. Gwaranci ya yi mata yawa. Kana ce wa namiji ita, ga kuma iska tana fita ta giɓin nan. In muka sake ka, gobe yara za su dinga kwaikwayonka a kasuwa."

Kofur ya kasa ɗaga kofin shayin. Tun yana goye yake jin Hausa, da ita yake ciniki, da ita yake karanta Littafi Mai Tsarki a coci duk Lahadi, babu wanda ya taɓa cewa bai fahimce shi ba.

Malam Yusha'u ya shiga roƙo a madadinsa. Ya yi magana mai tsawo, mai daɗi, yana lissafa abin da Kofur ya sani. Alhaji Nababa ya zuba masa ido, ya karkata kunne.

"Malam, kai fa? Wannan murya taka ai ta rediyo ce. Shiga ka gwada."

Malam Yusha'u ya waiwayi Kofur. Kofur ya ce, "Shiga mana." Ya faɗa ne yana jiran yaron ya ƙi. Yaron ya shiga. Daga bayan gilashi Kofur ya ji maganganunsa na shekaru suna fita daga bakin wani, a wanke, a goge, babu wanda ya toshe baki. Kafin la'asar aka ba Malam Yusha'u filin.

A motar komawa, a tsakiyar daji, Malam ya juyo gare shi. "Baba Kofur, in ka ce kar in karɓa, ba zan karɓa ba."

"Ni na haife ka da zan hana ka?"

Wannan tambayar ta Malam ta fi maganar Alhaji Nababa ci masa rai. An ɗauke masa abu, sannan ana so shi da bakinsa ya sa albarka.

Asabar ta farko ya zauna ya saurara. Malam Yusha'u ya yi kyau, wannan kam Kofur bai musa ba. Ya ba da labarin yadda sojoji ke busa cikin ruwan sama a Indiya, ya ce wani tsohon soja ne ya gaya masa. Kofur ya jira ya ji sunansa har filin ya ƙare. Da kaka, da Dabo Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonarsa, Kofur ya ɗauki rediyon ya ba shi kyauta.

Daga nan mutumin ya canza. Ya bar karatu a coci, fasto ya yi lallashi har ya gaji. Kasuwar Birnin Gwari sai dai Naomi ta je. A gida Gbagyi kaɗai yake yi, in baƙo ya gaishe shi da Hausa ya amsa a taƙaice, hannu a bakinsa. Bayan 'yan shekaru Malam Yusha'u ya zo a kan babur, da turmin atamfa na Naomi, yana so ya kai Kofur Kaduna a yi hira da shi a filin. Kofur na jin ƙarar babur ya ɗauki fartanya ya fita ta bayan danga, bai dawo ba sai da baƙon ya tafi.

Ya rasu a shekarar babban fari, bayan gajeriyar jinya. Malam Yusha'u ya zo gaisuwa bayan mutane sun watse. Ya tarar da Naomi tana sussukar 'yar dawar da suka samu. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa. Ya daɗe yana juya kwanon a hannunsa.

"Mama, kafin ya cika, ya ambace ni?"

"A'a, Malam," in ji ta. "Bai ambace ka ba."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da aiki.