Kwanar Baba Davou

Ana sallame sallar asuba a masallacin gidan gwamna za ka ji ƙarar kekensa yana shigowa ta ƙaramar ƙofa. Baba Davou ke nan, mai lambu. Daga Yalwawa yake tahowa, almakashi a ƙugu, kuma in ya shigo ba ya zama. Ya fara da ciyawar gaban ofis, ya zagaya bayan masallaci, ya bi ta gefen ɓangaren iyali kansa a sunkuye, ya gangara masaukin baƙi yana jan tiyo.

Hanyar masaukin nan kuwa duk direban da ya taɓa bin ta ya san ta. Tana tafe ɗoɗar, sai ta karkace, ta zagaye wani shingen lalle, sannan ta miƙe. Ma'aikata suna kiran wurin Kwanar Davou. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa nake so ku ji asalin kwanar kafin ya ɗaure kayansa.

Da aka yanko Jigawa daga Kano a 1991 aka raba ma'aikata, yana cikin waɗanda aka kawo Dutse. Mutumin Filato ne, Birom, Kirista. Gidan da ya tarar bai zama gida ba tukuna: 'yan ɗakuna a gindin duwatsu, sai gonakin gero. Ana gini ana ƙara katanga. Yau a buɗe ƙofa gabas, gobe a toshe ta a mayar kudu. Soja ya zo ya tafi, farar hula ya zo ya tafi, wani sojan ya dawo, kowa da mutanensa, kowa da ɓangaren da zai ƙara.

Ranar da katanga ta kusa haɗiye gonar ƙarshe, wata tsohuwa, Iya Kubura, ta tsaya a kansa yana dashe. An sallami masu gonar, za ta koma wurin 'yarta a Aujara. Ta nuna masa wani fili a gefen tsamiya, ruwa ya baje shi, babu tudu babu alama.

"Ɗan nan, kai ne mai ban ruwa? Maigidana yana kwance a nan, da 'ya'yana. Kada ka taka min su."

"Iya, ni fa ba musulmi ba ne."

"Na tambaye ka addininka? Ƙafarka na ce."

Ya kewaye wurin da lalle. Ya gaya wa manyan gidan na lokacin, amma su ma suka tafi da nasu gwamnan. Waɗanda suka biyo baya sun ɗauka ado ne. Duk shekara gab da azumi Iya Kubura takan zo, ya shigar da ita a matsayin baƙuwarsa, ta tsaya a bakin shinge ta yi addu'arta, ya cika mata bakin zane da ganyen lalle ta koma.

Sai daminar shekarar 2000, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Gari ba ya zaune. Kullum ana jita-jita, 'yan cocinsu da yawa sun kwashe iyali sun yi gida. Ran wata Asabar Davou ya shigo ya tarar an sauke katafila, an kafa turaku masu jan ƙyalle don sabuwar hanyar masaukin baƙi. Layin turakun ya ratsa tsakiyar lallen.

Ya nemi direban katafilar, Abdulrauf, ya yi masa bayani.

"Baba, ni turke nake bi," in ji Abdulrauf. "Takardar da aka ba injiniya ba ta nuna kabari ba. Mai kula da gida yana rangadi, sai Litinin, ni kuma Litinin da safe zan tayar. In wurin yana da masu shi, kawo su."

Ya koma gida da wannan a ransa, ya tarar da ƙaninsa Reuben a tsakar gida, ƙurar hanya a jikinsa. Mahaifinsu ya rasu. Za a binne shi ran Litinin da rana.

Matarsa Liyatu ta haɗa kaya nan take. Da ta ga yana kai da kawowa bai taɓa jakarsa ba, ta tsaya.

"Baban Tina, babanka ne fa."

"Na sani."

"A irin wannan lokacin za ka je ka ce akwai kabarin musulmi? Su ce ina ruwanka."

"In na yi shiru ƙashi ya fito fa? Ku yi gaba. Zan same ku."

Lahadi ya sa su a mota, shi ya kama ta Aujara. Iya Kubura ba ta nan, ta tafi suna Kafin Hausa. Ya hau acaɓa. Ruwa ya cinye hanya, suka sauka suna tura babur cikin laka. Yamma lis ya same ta cikin mata, ƙwaryar fura a hannu. Tana ganin sa ta ajiye ƙwaryar ta nemi mayafinta. Amma babu motar Dutse sai da safe.

Litinin rana ta fito suka iso babbar ƙofa. Masu gadin sababbi ne, ba su san ta ba, kuma a kwanakin ba a shigar da baƙo sai da izini. Daga nan Davou ya jiwo katafila ta tashi. Ya zaunar da tsohuwa a benci ya zura da gudu, ya wuce ofis, ya wuce masallaci, ya je ya tsaya a gaban shingen.

Abdulrauf da bakinsa ya ba ni sauran: "Na yi masa ham, bai motsa ba. Na matso har inuwar bakin katafila ta rufe shi. Abin da ya kashe min jiki, bayansa na gogar lallen, amma ya ƙi ja da baya ya shiga ciki, don kada ya taka. Sai na kashe injin."

Ana haka Malam Modibbo, mai kula da gidan, ya iso. Ya saurara, ya aika mota ƙofa aka ɗauko tsohuwa. Ta tsaya inda ta saba tsayawa ta miƙa yatsa.

"Malam Jaji a nan. Zuwaira a wajen ƙafarsa. Ƙaramin bai kai suna ba."

Malam Modibbo ya cire takalmi, ya ɗaga hannu aka yi Fatiha. Ya sa aka kira injiniya, aka tuge turaku aka mayar da su gefe. Ya waiwaya zai yi wa mai lambu magana, babu shi. Ya yi tasha.

Bai samu jana'izar ba. Ya isa ƙauyensu da magariba, an rufe kabari, jama'a suna watsewa. Shi ne babban ɗa. Reuben ya daɗe bai yi masa magana ba, kuma har yau ban ji Baba Davou ya kawo wa kansa uzuri ba.

Baba Davou, kai ne aka ba amana a gefen tsamiya, ba shaida, ka riƙe ta gwamna bayan gwamna. Kai ne ka tsare ƙasar da ta rufe mijin wata, ka rasa zuba ƙasa a kan mahaifinka. Na Liyatu, mai ƙafar da ta san inda ba a takawa, mun gode. Iya Kubura ta rasu bara, kana nan kana ban ruwa.

Ku da za ku gaje shi, kafin ku datse wani shinge a gidan nan ku tambayi wanda ya dasa shi. Ku direbobi, in kun zo kwanar ku rage gudu, akwai mutane a kwance.

Shekaranjiya na same shi a wurin yana yankan rassan lalle, yana naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu. Na ce ina za a kai su?

"Gida, wajen Baba," ya ce. "Lalle ba ya son sanyinmu, amma zan gwada. Shi ma kada a taka shi."